Ra'ayinmu: Ranar Da 'Yan Ƙwallo Suka Ƙi Shiga Fili

'Yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, bisa al'ada idan kakar wasanni ta ƙare akan zauna a yi lissafi, a ga sau nawa aka ci, sau nawa aka sha kashi, wa ya ɗauki kofi, wa kuma ya koma gida hannu rabbana. In da wannan mudu za a auna ƙungiyar ƙwallo ta Jami'ar Missouri da ke ƙasar Amurka a shekarar 2015, to babu mai ɓata tawadarsa a kanta. Wasa 12 ta yi, ta ci 5, aka cinye ta a 7, ba ta ɗauki kofin komai ba, sa'an nan mai horar da ita ya ajiye aiki da ƙarshen shekara. Amma a cikin wannan kaka ce 'yan wasan nan suka sa shugaban jami'arsu ya yi murabus cikin kwana biyu, ba su jefi kowa ba, ba su ƙona mota ba, ba su fasa ko tagar aji ɗaya ba. Saboda haka muka ga ya dace mu keɓe sharhin wannan fitowa ga labarinsu, don kuwa akwai abin koyi a cikinsa ga kowace ƙungiyar ɗalibai, akwai kuma abin da ya kamata ya sa ta yi hattara.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya sani cewa abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa daban yake da tamaular da muka sani. Nasu ƙwallon siffar ƙwai gare shi, galibi da hannu ake ɗaukarsa a sheƙa da gudu ko a jefa wa abokin wasa, watau dai ɗan'uwan zari-ruga ne. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗu, saboda karo ake yi irin na raguna. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ya samo wa ƙungiyarsa maki 6, wanda kuwa ya buga shi da ƙafa ya wuce tsakanin sanduna ya samo maki 3. A manyan jami'o'in ƙasar wannan wasa kasuwa ce babba. Filin wasan Missouri a garin Columbia yana ɗaukar mutum kimanin 70,000 a lokacin. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar wasannin jami'o'in kudu maso gabas da ake kira SEC, wadda Missouri ta shiga a 2012, ta raba wa kowace jami'a da ke cikinta fiye da dala miliyan 30 a 2015, babban kaso daga kuɗin talabijin. Mai horar da 'yan wasan, Gary Pinkel, albashinsa ya kai dala miliyan 4 a shekara, ya ninka na shugaban jami'ar sau da yawa. Shi kuwa ɗalibin da ake karya wa haƙarƙari a fili, abin da dokar wasannin jami'o'i ta yarda a ba shi a wancan lokaci shi ne sukolashif: kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da littattafai, da ɗan abin sawa a aljihu. Albashi kuwa an hana. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙungiyar, wadda ake yi wa laƙabi da Tigers, watau Damisoshi, ta shiga kakar 2015 da kwarjini. Ita ce zakarar rukunin gabas na SEC shekara biyu a jere, ta ci wasa 12 a 2013, ta ci 11 a 2014. Farkon kakar ma bai yi muni ba, don cikin wasa biyar na farko ta ci huɗu. Sai dai tun ƙarshen Satumba an dakatar da Maty Mauk, mai jefa ƙwallon da ke jan ragamar hari, aka ɗora nauyin a kan wani sabon shiga ɗan shekara 18, Drew Lock. Daga nan al'amura suka dagule. A watan Oktoba Florida ta doke su 21 da 3, Georgia 9 da 6, Vanderbilt 10 da 3, watau wasa uku cur ba su kai ƙwallo bayan layi ko sau ɗaya ba. Ran 5 ga Nuwamba Mississippi State ta zo har gida ta ƙara musu 31 da 13. Lissafi ya tsaya a ci 4, faɗuwa 5, saura wasa uku.

Yayin da ake wannan a filin wasa, wata wuta tana ci a harabar makarantar, ruwa kuwa ba ya tsami banza. An kafa jami'ar a 1839, ta yi fiye da shekara ɗari ba ta karɓi ɗalibi baƙar fata ko ɗaya ba. A 1938 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lloyd Gaines, wani saurayi da aka hana shiga sashen koyon aikin lauya saboda launin fatarsa, cewa dole jihar ta karɓe shi ko ta samar masa makaranta irin wannan a cikin jihar. Bayan wata uku, a Maris 1939, Gaines ya fita daga masaukinsa a Chicago, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai a 1950 baƙaƙen fata na farko suka shiga, shi ma da umurnin kotu. A 1969 ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta jami'ar, mai suna Legion of Black Collegians, ta miƙa wa hukuma jerin buƙatunta. Shekara 46 bayan haka, baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 ne na ɗalibai 35,000, a cikin malamai kuwa kimanin kashi 3, alhali a ƙungiyar ƙwallo sun kai kusan rabi. Daɗin daɗawa, a Agusta 2014 ɗan sanda ya harbe Michael Brown a garin Ferguson, tafiyar sa'a biyu a mota daga Columbia, wasu daga ɗaliban suka je zanga-zangar da aka yi a can, suka dawo idonsu a buɗe.

A Agusta 2015 hukumar jami'a ta sanar da masu karatun babban digiri, ba zato ba tsammani, cewa an janye tallafin inshorar lafiyarsu. Sai da suka yi ca sa'an nan aka mayar. A Satumba shugaban ƙungiyar ɗalibai ta jami'ar baki ɗaya, Payton Head, wanda baƙar fata ne, ya rubuta a Facebook yadda wasu a cikin a-kori-kura suka riƙa jifansa da zagin nan na ƙasƙanci da ake yi wa baƙar fata. Hukuma ta yi kwanaki ba ta ce uffan ba. A farkon Oktoba wani ɗalibi farar fata a buge ya kutsa inda 'yan Legion ke gwajin wasan kwaikwayo ya yi musu irin wannan zagi. Ran 10 ga Oktoba, ranar bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, ranar kuma da Florida ta doke Damisoshi, wasu ɗalibai suka tare motar shugaban jami'a, Tim Wolfe, a tsakiyar jerin gwano don ya saurare su. Wolfe, wanda ɗan kasuwa ne da aka ɗauko daga kamfanonin kwamfuta a 2012, bai fito daga motar ba, bai ce musu komai ba, har 'yan sanda suka kawar da su. Ɗaliban suka sa wa kansu suna Concerned Student 1950, watau ɗalibin da abin ya dama, don tunawa da shekarar da aka buɗe wa magabatansu ƙofa. Ran 20 ga wata suka fitar da buƙatu takwas, ciki har da a tuɓe Wolfe, a biya buƙatun 1969, a kuma kai yawan malamai da ma'aikata baƙar fata kashi 10 cikin 100. Bayan kwana huɗu aka iske an zana alamar 'yan Nazi da najasa a bangon banɗakin wani gidan kwanan ɗalibai.

Ran 2 ga Nuwamba wani mai karatun digiri na biyu, Jonathan Butler, ya shiga yajin cin abinci, ya ce ba zai ci komai ba har sai Wolfe ya sauka ko shi ya mutu. Abokansa suka kafa tantuna a tsakiyar makaranta. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar, hukuma na cewa ta damu, amma babu abin da ya motsa. Wolfe ya nemi gafara a kan zancen mota ran 6 ga wata, kusan wata guda bayan faruwarsa, a daren nan kuma ya ɓata rawarsa da tsalle, don da ɗalibai suka tambaye shi ma'anar danniyar da ke cikin tsarin ƙasa, sai ya ba da amsar da ke nuna cewa su ne suka sa wa ransu ba su da dama daidai da ta kowa. Wasu daga 'yan ƙwallo suka je suka ga halin da Butler ke ciki. Daren Asabar 7 ga Nuwamba 'yan wasa baƙar fata kimanin 30 suka fitar da hotonsu, sun sarƙe hannuwa, Butler yana tsakaninsu, tare da sanarwa cewa ba atisaye, ba wasa, sai Wolfe ya tafi. Washegari Lahadi Pinkel ya fitar da hoton ƙungiyar, baƙaƙe da farare, ya ce kansu a haɗe yake, shi kuma yana bayan yaransa. Wasu malamai suka shirya barin azuzuwa, shugabannin ƙungiyar ɗalibai suka nemi a cire shugaban. Da safiyar Litinin 9 ga Nuwamba Wolfe ya yi murabus a gaban hukumar gudanarwa, kafin faɗuwar rana kuma shugaban harabar Columbia, Bowen Loftin, ya ce shi ma zai sauka. Butler ya ci abinci, 'yan wasa suka koma atisaye.

To, me ya sa abin da aka yi watanni ana roƙo ya samu tsakanin daren Asabar da safiyar Litinin? Amsar tana cikin wata takardar yarjejeniya. An shirya Missouri za ta kara da Jami'ar Brigham Young, wadda aka fi sani da BYU, ran 14 ga Nuwamba a birnin Kansas City, kuma an rubuta cewa duk wanda ya fasa zai biya ɗayan dala miliyan 1. Ban da wannan ga kuɗin tikiti, ga na talabijin, ga kuma kunyar da za a ji a idon ƙasa baki ɗaya, domin labarin da a da yake shafin cikin jaridun jiha ya koma bakin masu sharhin wasanni da miliyoyin mutane ke saurare. Wannan magana ba ta da daɗi, amma dole a faɗe ta: ɗan mutum ya yi kwana biyar yana ramewa a tsakar makaranta kujerar shugaba ba ta girgiza ba, da aka taɓa lalita sai ta faɗi. Jami'ar da ta fi jin ƙarar kuɗi a kan kukan ɗalibinta ta manta da dalilin kafa ta. Amma kada a ɗauka cewa 'yan ƙwallo su kaɗai suka yi aikin. Ba don watannin da sauran ɗalibai suka yi suna rubuce-rubuce da tarurruka da kwana a tanti ba, da yajin 'yan wasa bai sami abin tsayawa a kai ba. Abin da 'yan wasa suka kawo, wanda sauran ba su da shi, shi ne abin da hukuma ba ta iya yin mako guda babu shi.

Don a gane girman abin da ya faru, sai a waiwayi Jami'ar Wyoming a 1969. Ƙungiyarta ta ci gasar yankinta shekara uku a jere, ta kuma ci wasanninta huɗu na farko a wannan shekara. Wasa na gaba, abin mamaki, da BYU ɗin nan ne, jami'ar cocin Mormon, wanda a lokacin ya hana baƙar fata muƙamin limanci, bai kuma ɗage hanin ba sai a 1978. Ran 17 ga Oktoba 'yan wasa baƙar fata 14 suka je wurin mai horar da su, Lloyd Eaton, da maganar ɗaura baƙin ƙyalle a hannu ranar wasa don nuna ɓacin ransu. Nan take ya kore su duka. Hukumar jami'a ta goyi bayansa, gwamnan jiha bai tsaya musu ba, abokan wasansu farar fata kuma suka shiga fili washegari suka doke BYU 40 da 7, jama'a na tafi. Amma alhaki kwikwiyo ne. Wyoming ta faɗi wasanninta huɗu na ƙarshe, a 1970 ta ci wasa 1 ta faɗi 9, Eaton ya bar aikin, jami'ar kuwa ba ta nemi gafarar mutanen nan a hukumance ba sai a 2019, bayan shekara 50. Yaran Wyoming ƙyalle kawai suka nema aka kore su, na Missouri kujerar shugaba suka nema suka samu. Tsakanin 1969 da 2015 abu biyu ne suka sauya. Kuɗin da ke cikin wasan ya kai inda ba a iya fasa shi ko na rana ɗaya, sa'an nan waɗanda abin bai shafa kai tsaye ba sun ƙi shiga fili su bar 'yan'uwansu a waje. Tsinke ɗaya ake karyawa, ba a karya tsintsiya.

Akwai masu suka, kuma adalci ne a saurare su. Wasu suka ce ɗan wasa ya karɓi sukolashif ne don ya yi wasa, saboda haka ƙin shiga fili saɓa alkawari ne. Har wani ɗan majalisar jihar, Rick Brattin, ya gabatar da ƙudurin a ƙwace sukolashif ɗin duk wanda ya sake yin haka, ko da yake an janye shi cikin 'yan kwanaki. Amsarmu ita ce, jami'o'in ne da kansu suka yi shekaru suna cewa waɗannan yara ɗalibai ne kafin su zama 'yan wasa, da wannan hujja kuma aka hana su albashi. In ɗalibai ne ranar rabon kuɗi, to ɗalibai ne ranar da aka zagi 'yan'uwansu. Wasu kuma suka ce ƙungiyar da ta faɗi wasa huɗu a jere ba ta da abin asara, da tana kan ci da ba ta yi ba. Amma lissafi bai goyi bayan wannan ba. Bisa ƙa'ida, sai ƙungiya ta ci wasa 6 take cancantar zuwa wasannin ƙarshen shekara, watau Missouri tana bukatar biyu cikin ukun da suka rage, kowane ɗan wasa kuma ya sa karatunsa da begensa na shiga gasar ƙwararru a kan faranti. Masu cewa Wolfe bai zagi kowa da bakinsa ba sun yi gaskiya, sai dai shugabanci ya wuce kame baki daga zagi. Wanda aka kawo wa kuka ya ƙi fitowa daga mota ya riga ya ba da amsa.

Inda masu suka suka yi gaskiya ɗungum shi ne abin da ya faru a ranar nasarar kanta. Masu zanga-zanga suka kewaye tantunansu suka hana wani ɗalibi mai ɗaukar hoto yin aikinsa a filin da yake na kowa, wata malama kuma ta yi kira a zo a fitar da wani ɗalibin mai ɗaukar bidiyo da ƙarfi. Duniya ta ga wannan, kuma 'yan mintocin nan sun ba abokan gaba makamin da suka yi shekaru suna amfani da shi. Malamar ta rasa aikinta a Fabrairu 2016. Mu da ke riƙe da alƙalami a wannan mujalla ba za mu yi shiru a kan haka ba. Mai neman a saurare shi ba shi da hurumin toshe bakin wani.

Sauran kakar ba ta da tsawo. Ran 13 ga Nuwamba Pinkel ya sanar da cewa zai yi ritaya saboda ciwon daji na jini da aka gano yana da shi tun watan Mayu, bayan shekara 15 yana horar da ƙungiyar, ya kuma fi duk wanda ya riga shi yawan nasara. Washegari yaransa suka shiga fili suka doke BYU 20 da 16. Daga nan Tennessee ta ci su 19 da 8, Arkansas ta rufe da 28 da 3.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi bukatar a yi masa karatun natsuwa. Aka naɗa Michael Middleton shugaban riƙo, baƙar fata, lauya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Legion a zamanin ɗalibtarsa. A 2016 aka ɗauki babban jami'i na musamman mai kula da daidaito tsakanin jinsuna. Amma jami'ar ta ji jiki. Iyaye farar fata suka ga makaranta ce mai rigima, iyaye baƙar fata suka ga makaranta ce da ba a son 'ya'yansu. Cikin shekara biyu yawan sababbin ɗalibai ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma a 2016 raguwar ta fi tsanani a tsakanin baƙar fata, watau waɗanda aka yi gwagwarmayar dominsu. Aka rufe gidajen kwana 7, aka soke guraben aiki fiye da 400. Burin kashi 10 cikin 100 bai cika ba a wa'adin da ɗalibai suka sa. Daga baya adadin ɗalibai ya farfaɗo a hankali, ƙungiyar ƙwallo ma ta dawo har ta ci wasa 11 a 2023, amma a 2024 jami'ar ta rushe sashen daidaiton baki ɗaya, saboda iskar siyasar jihar ta juya. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Ta fuskar 'yan wasa kuwa, kiɗa ya sauya: daga Yuli 2021 an yarda ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 a shekara ga kowace jami'a. Wannan haƙƙi ne da ya daɗe da wajaba, sai dai ya ƙara wa yaji irin na 2015 tsada ga mai yin sa, tun da yanzu yana da abin asara a aljihu.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga makamin ƙin wasa. Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka fiye da 20 da suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976, ta kuma ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edmonton a 1978, duk don nuna ƙin hulɗar wasanni da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Saboda haka darasin Missouri ba zai yi mana wuyar ganewa ba, kuma mun kasa shi huɗu.

Na farko, ƙungiyar ɗalibai ta san inda ƙarfinta yake kafin ta buɗe baki. Yawan ihu ba shi ne ƙarfi ba. Ƙarfi yana wurin abin da hukuma ke bukata daga hannunka, sanin wannan kuwa sai da bincike da lissafi da karanta takardu, irin karatun da ya nuna cewa akwai dala miliyan 1 a rataye da wasan Asabar.

Na biyu, a nemi goyon bayan waɗanda abin bai shafa ba. Hoton daren Asabar ya girgiza jami'a, amma hoton Lahadi ne ya rufe ƙofar da aka bi a Wyoming, domin ba a korar ƙungiya duka da mai horar da ita. Ƙungiyar ɗaliban da ta bari aka raba ta ta fuskar gari ko yare ko addini ko sashen karatu ta riga ta miƙa wuƙa ga mai yanka ta.

Na uku, a tsare hannu da baki. Da an ƙona ko da taya ɗaya a Columbia, da zancen ya tashi daga kan zalunci ya koma kan tsaro, aka rufe makaranta, kowa ya tafi gida da kukansa. Mun sha ganin yadda ɓarnar sa'a guda ke cinye haƙƙin da aka yi shekara ana nema, a ƙarshe kuma iyayenmu su biya kuɗin gyara.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a shirya wa washegarin nasara. Cikin buƙatu takwas, wadda ta fi sauƙin biya ita ce cire mutum ɗaya, ita ce kuma aka biya nan take. Sauran, irin su ɗaukar malamai da gyaran manhaja, aikin shekaru ne, na kwamiti da kasafi da bibiya, ɗalibi kuwa baƙo ne na shekara huɗu. Hukuma ta san haka, shi ya sa babban makaminta jira ne. Buƙatun 1969 sun jira shekara 46 aka sake karanta su. Maganin wannan shi ne a rubuta kowace yarjejeniya da wa'adinta, a ajiye ta a ofishin ƙungiya, kowace majalisa mai fita ta miƙa wa mai shigowa, a kuma riƙa buga ta a mujallu irin wannan har sai an cika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma kalma ɗaya ga yayyenmu da suka riga mu fita, waɗanda ke hawa matakan aikin gwamnati, gobe su ne manyan sakatarori da magatakarda da shugabannin makarantu. Abin da ya ci kujerar Tim Wolfe ya fara ne ran 10 ga Oktoba, sa'ad da mintoci goma na saurare za su iya kashe wutar da daga baya miliyoyin daloli suka kasa kashewa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk ranar da na ƙasa da ku suka tare muku hanya da koke, ku buɗe ƙofa ku fito.

A littafin sakamakon wasanni, kakar Damisoshin Missouri ta 2015 za ta ci gaba da zama ci 5, faɗuwa 7. Mu dai muna ganin yaran nan sun yi abin da ya kamata a lokacin da ya kamata, sun ceci ran ɗan'uwansu, sun nuna wa ɗalibai a ko'ina nauyin da ke hannunsu. Abin da ya rage bayan haka aikin masu haƙuri ne, kuma shi ne aikin da muke kira ga ƙungiyarmu ta koya. Allah ya ba mu shugabanni masu saurare, ya ba mu ɗalibai masu haɗin kai da hangen nesa, amin.

Edita